Filin Mata: Kwamfuta Ta Shiga Ajin Kimiyya, Ina Namu Aikin?

A wannan mako ina so mu ɗan jingine zancen girki da ɗinki, mu duba wani baƙo wanda ya shigo makarantun 'ya'yanmu, watau koyar da kimiyya da jarraba ɗalibai ta hanyar kwamfuta da wayar hannu. Kada wata ta ce wannan zancen malamai ne, ko kuwa na maza. Yarinyar da za ta zauna gaban na'urar nan ran jarrabawa daga ɗakinki za ta fita, in kuwa ta komo da hawaye, a cinyarki za ta zubar da su.

Mun daɗe muna kukan ba mu da isassun likitoci mata, da ungozoma, da ma'aikatan jinya. Mata da yawa sun gwammace su zauna da ciwonsu a ɗaki da su tafi asibiti namiji ya duba su, har abin da ya kamata a magance da ƙwaya biyu ya kai ga kwanciya. To, hanyar zama likita ko ma'aikaciyar jinya ta ajin kimiyya ta bi. Duk mai son karatun likita a jami'a tilas ta rubuta Turanci, da Fiziks, da Kemistiri, da Bayoloji a jarrabawar shiga. Magabatanmu sun gane haka tun da wuri, shi ya sa a 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya kuma aka buɗe ta 'yan mata a Taura. Ƙofar da aka buɗe mana ke nan. Yau kuwa an kafa kwamfuta a bakin ƙofar, babu mai wucewa sai ta gabanta.

Yadda jarrabawa ta koma

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 domin shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013. Daga 2015 sai ta ajiye takarda da fensir ɗungum. Yanzu yarinya za ta shiga babban zaure, a duba zanen yatsanta, a nuna mata kujera, ta tarar da kwamfuta na jiranta. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, watau 60 na Turanci da 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, maki duka 400. Ku lissafa da kanku, za ku ga kowace tambaya daƙiƙa 40 ta samu. Ga kuma agogo a fuskar na'urar yana ta cin lokaci, ba ya jin roƙo.

Hukumar WAEC ma, wadda take tun 1952, ta bi sahu. A farkon 2024 ta fara yi wa masu rubuta jarrabawa daga waje, watau waɗanda ba sa cikin makaranta, jarrabawa da kwamfuta. A 2025 kuma Ministan Ilimi na Tarayya, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa gwamnati na nufin WAEC da NECO su koma wannan hanya baki ɗaya. An yi ta muhawara a kai, musamman saboda makarantun ƙauye inda babu wuta balle kwamfuta. Amma ko an yi sauri ko an yi jinkiri, inda aka dosa ke nan.

Wannan hanya tana da amfaninta, kada mu ƙi faɗa. Na'ura ba ta san 'yar wane ba, ba ta duba kyan rubutu ko muninsa, ba ta gajiya kamar malamin da ya kwana yana duba takardu. Sa'an nan ana cuɗa tambayoyin, ta yadda wadda ke kusa da ke ba lalle ne tana kan tambayar da kike kai ba, saboda haka leƙen amsa ya yi wuya. Sakamako kuma ba ya daɗewa.

Amma fa akwai abin tsoro, shi ne na fi so ku riƙe. Yarinya tana iya shekara shida a sakandare, ta san karatunta sarai, sa'an nan ta rasa maki mai yawa don kawai hannunta bai taɓa sauka a kan kwamfuta ba sai ran jarrabawa. Minti goma na farko su tafi a rawar jiki da neman inda za ta danna. A lissafin da muka yi ɗazu, minti goma tambayoyi 15 ke nan. Ba ran tafiya ake kiwon jaki ba. Alhali kuwa abin ba shi da wuya. Haruffan A, B, C, D su ne na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki in an gama. Wadda ta iya keken ɗinki ta koyi abin da ya fi wannan wuya. Abin da ake bukata shi ne sabo. Tun daga aji huɗu na sakandare ya kamata yarinya ta riƙa samun zama gaban kwamfuta ko sau ɗaya a mako, a makaranta ko a gidan 'yan'uwa, ko a shagon koyon kwamfuta tare da yayanta ko ƙawayenta. JAMB tana kuma shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske. Uwa, in kina da halin biyan kuɗinta, ko daga adashi ne, ki biya.

Ga wata ƙaramar shawara mai babban amfani. Ana yin rajista da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, da kuma lambar waya, ta wannan lambar kuwa saƙonni ke zuwa. Kada ku yarda a yi wa yarinya rajista da layin mai shago ko na wani maƙwabci. Ku ba ta layi na gida, ku adana shi kamar yadda kuke adana zinariya. Duk wanda kuma ya kira ku ya ce zai ƙara wa yarinya maki in an tura masa kuɗi, macuci ne, ku kashe wayar.

Na'ura ma takan yi tuntuɓe. A 2025 an sami tangarɗa a na'urorin JAMB wadda ta shafi sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya nemi gafara a bainar jama'a, aka sake musu jarrabawa. Darasin da ke ciki shi ne, in 'yarki wadda kullum take kan gaba a aji ta zo da makin da bai yi kama da ita ba, kada ki fara da faɗa. Ku tafi wurin malamanta tukuna, a bincika ko ita kaɗai ce, a kai ƙorafi inda ya dace. Ke kuma 'yata, in kwamfutarki ta tsaya ana cikin jarrabawa, ki ɗaga hannu nan take ki kira mai tsaro. Kunya a nan asara ce.

Abin da na'ura ke nuna wa ɗaliba

Mu koma wajen koyarwa. Wahalar kimiyya tun da can ita ce yawancin abin da ake faɗa ido ba ya ganinsa. Malam zai zana zuciya da alli, ya ce jini na shiga ta nan ya fita ta can, yara su haddace, amma ba su ga komai ya motsa ba. Yau a fuskar waya yarinya za ta ga ɗakuna huɗu na zuciya suna matsewa suna saki, ƙofofinsu na buɗewa suna rufewa, ta tsayar da hoton, ta mayar da shi baya sau goma, ba wanda zai yi mata tsawa. Ga yarinya mai nauyin baki, wadda ba ta iya ɗaga hannu a gaban maza ta ce ban gane ba, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Akwai kuma abin da ake kira kwaikwayon gwaji. Wani malamin Fiziks a Amurka, Carl Wieman, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 2001, ya kafa wani shiri a Jami'ar Kolorado a 2002 mai suna PhET. A cikinsa ɗaliba za ta haɗa batir da waya da ƙwan fitila a fuskar na'ura, ta ga fitilar ta kama, ta ƙara batir ta ga haske ya ƙaru, ta yi kuskure ta ga wuta ta tashi ba tare da ta ƙona kowa ba. Kyauta ne, ana kuma iya sauke shi a ajiye a yi aiki da shi ko babu intanet. Nan gida Nijeriya, a 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport, inda aka tara darussan firamare da sakandare kyauta, har akwai na Hausa a ciki. Waɗanda suka tuna 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe makarantu aka koma jin darasi a rediyo, sun san darajar samun karatu a cikin gida.

Malamai ma sun sami sauƙi. Malamar da ke da aji cike maƙil, in ta ba da gwaji a takarda, sai ta yi mako biyu ba ta gama dubawa ba, kafin nan an wuce darasin, yara sun manta. Da abu irin su Google Forms kuwa, tana iya tsara tambayoyi goma, yara su amsa, nan take ta ga cewa yawancinsu sun faɗi tambaya ta bakwai. Gobe sai ta sake koyar da wannan wuri. Amfanin gwaji ke nan tun asali, a gano inda rufin ke yoyo tun damina ba ta yi nisa ba.

Abin da na'ura ba ta iya ba

To, 'yan'uwa, ga inda gizo ke saƙa. Kimiyya aikin hannu ce, kamar tuƙin tuwo. Da za a nuna wa yarinya majigin tuƙin tuwo sau ɗari, ran da aka miƙa mata muciya sai ta yi gudaji. A fuskar waya, ruwan gwaji ba ya zuba, kwalba ba ta fashewa, awo kullum daidai yake fitowa. A ɗakin gwaje-gwaje na gaske kuwa, tilas yarinya ta sunkuya idonta ya yi daidai da saman ruwa kafin ta karanta awo, tilas ta saki asid ɗigo-ɗigo har launi ya juya, in ɗigo ɗaya ya yi yawa ta zubar ta sake. A nan ake koyon natsuwa da gaskiyar awo. Shi ya sa har yanzu WAEC da NECO suna da takardar aikin hannu a Fiziks, da Kemistiri, da Bayoloji. Ku tuna, yarinyar nan ce gobe za ta auna wa jariri magani a sirinji.

Tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu su ma suna da iyakarsu. Wanda bai san komai ba, in ya yi ta canki-canka a tambayoyi 40, yana iya cin kamar 10. Kuma yarinya tana iya haddace tsofaffin tambayoyi a manhajar waya har ta ci da yawa, alhali in aka ce ta yi bayanin dalili da bakinta sai ta yi shiru. Saboda haka in kun ga maki mai kyau a waya ku yi murna, amma ku bi shi da tambaya guda, ku ce, "To, gaya mini, don me amsar ta zama haka?"

Tun daga ƙarshen 2022 kuma an sami wani sabon abu, manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, waɗanda in ka rubuta musu tambaya sai su rubuto maka amsa tsaf. Suna da amfani in yarinya ta nemi a sake mata bayanin abin da bai shige ta ba, ko da yake sukan yi kuskure, don haka sai a gwada maganarsu da littafin makaranta. Amma wadda ta mayar da su masu yi mata aikin gida, ta kwafa ta kai wa malam, ta zama kamar wadda ta aiki wata ta ci mata abinci. Ran jarrabawa ba a shiga da waya.

Madafa ma ɗakin gwaji ce

Wata za ta ce makarantar 'yarta ba ta da kayan gwaji, ita kuma ba ta yi boko mai nisa ba, ina abin da za ta iya? Uwargida, kina da ɗakin gwaje-gwaje a gidanki, kullum kina cikinsa. Ga uku ku gwada a wannan mako.

Na farko, ku jiƙa zoɓo, ku raba ruwan a kofunan gilashi uku. Ku matsa lemun tsami a ɗaya, za ku ga jansa ya ƙara haske. Ku zuba jiƙon kanwa a na biyu, za ku ga ya yi duhu ya nufi kore. Na uku ku bar shi domin kwatanci. Launin zoɓo yana juyawa gwargwadon tsami ko kanwar da ya tarar, kuma irin wannan aikin ne ruwan gwaji yake yi a Kemistiri. Sa'an nan ku ɗiga lemun tsami a kan garin kanwa, kumfar da ta taso iskar nan ce da muke fitarwa in mun yi numfashi. Yarinya ta nemo sunanta a littafinta.

Na biyu, ku ɗaura ɗan dutse a zare mai tsawon mita 1, ku rataye a ƙusa, ku ɗan ja shi gefe kaɗan ku saki. Da agogon da ke cikin waya ku auna zuwa da dawowa sau 20. Za ku sami kusan daƙiƙa 40. Ku sauya dutsen da wanda ya fi shi nauyi, lokacin ba zai sauya ba. Ku rage zaren ya koma santimita 25, lokacin zai koma kusan daƙiƙa 20. Wannan gwaji yana cikin waɗanda ake yi a Fiziks, ga shi waya da hannu sun yi aiki tare.

Na uku, ku tambayi yarinya don me ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi. Amsar ita ce, ruwa yana tsattsafowa ta jikin randa, iska ta busar da shi, busarwar nan kuwa tana tafiya da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Kada ku raina wannan sani. Da shi wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, domin kayan miya su daɗe ba su lalace ba inda babu lantarki, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Kowane gwaji kuka yi, yarinya ta rubuta a littafi abin da ta zata zai faru, da abin da ta gani, da dalilin da take tsammani.

Waya a hannun budurwa

Na san abin da ke ran iyaye da yawa, da ran maigida musamman. Wayar da ke kawo darasi ita ce ke kawo hirar banza, da hotunan da ba su dace ba, da samarin da ba a san asalinsu ba. Wannan tsoro yana kan hanya. Amma hana yarinya taɓa na'ura ɗungum, alhali da na'ura za a jarraba ta, kamar ɗaure mata ƙafa ne a ce ta yi tsere. Mafita ita ce tsari. A yi karatun waya a tsakar gida ko a falo inda kowa ke gani. A sa masa lokaci, kamar awa guda bayan la'asar. A sauke darussa a ajiye, sa'an nan a kashe data, kuɗi ya huta, hankali ya tattaru. Da dare waya ta kwana a ɗakin uwa. Ki zauna kusa da ita wani lokaci ki ce ta nuna miki zuciyar nan mai bugawa, za ki ƙaru, ita ma ta san ana kula. In kwamfuta ko waya guda ce a gida, a raba lokaci da adalci, kada a bar wa maza ita a ce mace ta tafi wanke-wanke.

Ran taron iyaye da malamai kuma kada ku bar wa maza kujeru. Ku tafi, ko ku aika da tambayoyinku ta hannun maigida. Ku tambaya, sau nawa 'yan ajin kimiyya suke shiga ɗakin gwaje-gwaje a zangon karatu, kuma su suke taɓa kayan ko malam ne kaɗai? Kwamfutocin makaranta nawa ne ke aiki, kuma yara na zama gabansu ko suna kulle ƙura na cin su? In babu wuta, me aka tanada? An koya wa malaman kimiyya aiki da su? Ku yi tambaya cikin ladabi, gama malaman nan da yawa suna iyakar ƙoƙarinsu da ɗan abin da ke hannunsu. In an ga giɓi, iyaye da tsofaffin ɗalibai suna iya haɗa hannu a sayi farantin hasken rana ko kwalaben gwaji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'yan makaranta, 'ya'yana, ku saba da kwamfuta har ta zame muku kamar alƙalami, amma kada ku yarda wani abu ya shiga kanku sai kun tambayi dalilinsa, kun kuma gwada shi da hannu in yana gwaduwa. Asibitocinmu na jiranku, ajin kimiyya na ƙannenku ma na jiran malamai mata.

Wadda ta gwada na zoɓo ko na zare da dutse, ta rubuto wa wannan fili abin da ta gani, za mu buga waɗanda suka fi tsari. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.